Littafin da Ke Gefen Wayar Kawu

Kira na farko da shafinmu na intanet ya jawo mana, mai keken hawa ne ya yi shi. Ina zaune a gefen teburin Kawu wayar ta yi ƙara, ya ɗauka, ya saurara, sai na ga ya ɗago ido ya dube ni ta saman tabarau. Mutumin tambaya yake ko muna gyara birki da ɗaure sarƙa. Kawu ya ce masa cikin natsuwa, "Bawan Allah, mu keken ɗinki muke gyarawa." Ya ajiye wayar ya ci gaba da kwance abin da yake kwancewa, bai ce mini uffan ba. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

A 2018 aka yi haka, wata bakwai da buɗe shafin. Ina ba da wannan labari ne saboda yau da rubutun shafukan ƙananan 'yan kasuwa nake ci da iyalina, kuma masu ganina yanzu suna zaton da iyawata na fara. Da ɓarna na fara, da kuɗin wani kuma.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, a hannunsa na ƙarasa girma. Ya fi shekara talatin yana gyaran keken ɗinki, tun daga na ƙafa har na lantarki da manyan na masana'anta. Mutum ne da zai ji ƙarar keke daga bakin ƙofa ya faɗa maka abin da ke damunsa kafin a sauke shi. Amma aiki ya yi ta ja da baya. Tsofaffin telolin da suka san shi wasu sun ajiye sana'a, wasu sun rasu, matasan da suka gaje su kuwa idan keke ya ba su matsala waya suke zarowa su tambaya. Ni kuma na gama karatu ina zaman jiran aiki, ga kwamfuta, ga rawar kai. Na ce masa, "Kawu, ka bar ni in buɗe maka shafi. Duk wanda ya nemi mai gyara a Google kai zai fara gani." Ya yi shiru, can ya ce, "To, ɗan nan, kai ka san wannan duniyar." Ya biya kuɗin sunan shafin da na wurin da za a ajiye shi a intanet na shekara guda.

Kuskurena na farko abin dariya ne, sai dai a lokacin ban yi dariya ba. Da WordPress, wata manhajar gina shafuka, na gina shafin, kuma a cikin saitinsa akwai wani ɗan akwati da ake dannawa idan ana so injinan bincike su ƙyale shafin har a gama gini. Na danna shi ranar farko, na manta. Wata uku kullum ina neman sunanmu a Google, ko ƙyallinmu babu, ina zagin Google a zuciya, alhali ni na rufe ƙofa na jefa makulli a aljihu. A nan na fara fahimtar cewa matakai uku ne. Da farko wata manhaja da ake kira Googlebot tana bin mahaɗai, wato wuraren da ake dannawa su kai mutum wani feji, daga feji zuwa feji tana karantawa. Sannan a adana abin da ta karanta a cikin kundi. Sai a mataki na uku, idan wani ya yi tambaya, a zaɓo daga kundin a jera. Ni ina kukan rashin zuwa na ɗaya a jerin, ashe ko sunana ba a rubuta a rajistar masu tsere ba.

Da na buɗe ƙofar, sai na shiga ɓarna ta gaske. Na tattara shawarwari daga tsofaffin rubuce-rubuce, ban duba shekarar da aka yi su ba. Duk bakinsu ɗaya: zaɓi kalmar da kake so a same ka da ita, ka maimaita ta iya ƙarfinka. Na zaɓi "gyaran keke", don ta fi gajarta. Har yanzu ina da kwafin fejin farko, nakan buɗe shi idan na ji girman kai yana neman kama ni. Ga yadda ya fara: "Idan kana neman gyaran keke, mu ne masu gyaran keke mafi inganci. Gyaran keke namu ya fi kowane gyaran keke, zo ka ga gyaran keke na zamani." Haka har ƙasa. A ƙarshen fejin kuma na sake jera kalmar da farin rubutu a kan farin fili, yadda idon mutum ba zai gani ba sai injin. Na cika wani gurbi na ɓoye da ake zuba kalmomin nema da kalma kusan hamsin. Sauran fejin kuwa bayanin kekuna ne da na kwafo daga shafukan masu ƙera su, ko waƙafi ban canza ba.

Daga baya na gano magungunan da nake sha duk sun daɗe da lalacewa. Wancan gurbin na ɓoye, tun 2009 Google ya fito fili ya ce ba ya amfani da shi wajen jera sakamako. A Fabrairun 2011 ya kawo wani gyara a tsarin jerawarsa da aka sa wa suna Panda, wanda ya tura shafuka masu kwafe da rubutun holoƙo can baya. Ɓoye rubutu da cusa kalma kuwa suna cikin abubuwan da ƙa'idojinsa suka kira maguɗi ƙarara. Wato na zo kasuwa da kuɗin da aka daina karɓa shekara bakwai da suka wuce. Kuma ko a ce dabarar ta ci, wa na kira? "Keke" a bakin mutane ai ba na ɗinki kaɗai ba ne. Mai keken hawa ya amsa kiran da na yi, ba shi da laifi.

Ban daddara ba. Wani ya aiko mini da saƙo cewa zai kai mu lamba ɗaya a sakamakon Google cikin kwana talatin. Hujjarsa ta yi kama da gaskiya, shi ya sa ta ci ni. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, abin da ya bambanta shi da sauran shi ne yana ɗaukar mahaɗin da wani shafi ya yi zuwa naka kamar shaida ce aka ba ka. Mutumin ya ce zai samo mana shaidu ɗari biyar. Na karɓi kuɗi wurin Kawu na tura. Shaidun sun zo kuwa, daga shafukan caca da na tallan magani da wasu cikin harsunan da ban ma san sunansu ba. Ba abin da ya motsa. Tun Afrilun 2012 gyaran da ake kira Penguin yake farautar irin wannan, kuma daga 2016 galibi watsi kawai yake yi da su kamar ba a yi ba. Na ci sa'a ba a hukunta shafin ba, kuɗi dai sun tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai, a cikin shawarar da Google ya rubuta wa masu neman ɗaukar irin wannan ma'aikaci ya faɗa a sarari cewa ba wanda zai iya ba ka tabbacin lamba ɗaya. Kyauta aka ajiye ta, ni ne ban karanta ba.

Da shekara ta zagayo, Kawu ya kira ni bayan mun rufe. Ya ce, "Ɗan nan, idan lokacin sabunta kuɗin nan ya yi, a bar shi haka. Ba na jin haushinka. Ka gwada." Wannan "ka gwada" ta fi mari zafi. Na roƙe shi shekara ɗaya tak, na ce ni zan biya, kuma zan riƙa zama a wurin aiki ina taya shi wanke ƙarafa da miƙa kaya don in rage bashin da ke wuyana. Ba don neman ilimi na zauna ba, kunya ce ta zaunar da ni.

A mako na biyu wata mata ta zo da keke a bayan mota, ranta a ɓace. Ta ce zare yana cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi, ta canza kwarkwaro har sau uku bai daina ba, ga kayan mutane a hannunta. Kawu bai ko taɓa kwarkwaron ba. Ya ce, "Hajiya, zare min shi in gani yadda kike yi." Ta zara. Ya ce, "Yawwa, ga ta nan. Kin sa zare ƙafa tana ƙasa." Ya nuna mata: akwai faifai biyu da ke matse zaren sama, kuma ba sa buɗewa sai an ɗaga ƙafar da ke danne yadi. Idan aka sa zare ƙafa na ƙasa, zaren ba ya shiga tsakaninsu, sai ya tafi sako-sako ya taru a ƙarƙashi. Mutum yana ganin cukurkuɗa a ƙasa sai ya ɗora wa kwarkwaro laifi, alhali daga sama matsalar take. Minti biyu aka gama. Bai karɓi ko sisi ba.

Bayan ta tafi na ce, "Kawu, sau nawa ake kawo maka irin wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Ka ce sau nawa a mako." Na tsaya ina kallonsa. Shekara guda ina rubuta "gyaran keke mafi inganci", ga mutumin da ya san amsar tambayar da ke hana mutane barci yana zaune taku biyu daga kwamfutata, ban taɓa tambayarsa komai ba.

Washegari na sayo ƙaramin littafi na ajiye a gefen wayar. Duk wanda ya kira ko ya shigo, sai in rubuta ƙorafinsa da kalmominsa, ban gyara masa hausa ba. "Keke yana cin zare." "Yana tsallake ɗinki." "Allura tana karyewa in na zo kan kauri." "Ba ya jan yadi." Ba wanda ya taɓa shigowa ya ce yana neman inganci. Na kuma buɗe Search Console, wata kafa ta kyauta da Google ke nuna wa mai shafi kalmomin da aka rubuta har shafinsa ya bayyana, da sau nawa aka gan shi, da sau nawa aka danna. Na daɗe da haɗa ta da shafin ban taɓa dubawa da kyau ba. A ciki na ga 'yan tambayoyin da muka taɓa leƙowa a kansu can a feji na biyar da na shida na sakamakon bincike, kuma da yawansu jimloli ne cikakku, kusan irin na littafina. Idan na fara rubuta tambaya a akwatin bincike, shi kansa yakan ƙarasa mini ita da abin da wasu suka saba nema. Google ya sha faɗin cewa kashi 15 cikin ɗari na abin da ake tambayarsa kowace rana bai taɓa ganin irinsa ba. Da na ji wannan sai na daina wahalar da kaina da farautar kalma guda. Mutane da bakinsu suke tambaya, kuma baki ba ɗaya ba ne.

Na rubuta fejin cukurkuɗar zare na karanta wa Kawu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya haɗe rai. "Wato sirrin sana'ata za ka watsa wa duniya? Idan kowa ya iya, wa zai kawo mana?" Mun kwana uku a kan wannan. Ni ba ni da hujjar da ta wuce in ce haka ake yi yanzu, wadda ba hujja ba ce. Shi da kansa ya warware ta. Yana goge hannu ya ce, "Ai dama irin wannan ba na karɓar kuɗi a kai. Lokacina kawai yake ci. Sa shi. Amma ka rubuta musu inda hannunsu ya kamata ya tsaya."

Wannan sharaɗin nasa shi ya zama ƙashin bayan duk abin da na rubuta tun daga nan. Ɗauki fejin tsallake ɗinki. Mun jera abin da mutum zai duba da kansa, daga mai sauƙi: a canza allura ko da ido bai ga lanƙwasa ba, a tabbatar ta shige har ƙarshe kuma ta fuskanci inda ya dace, a duba ko lambarta ta dace da yadin, don lamba 70 ta siririn yadi ce, 90 ta matsakaici, jins da makamantansa kuwa sai 100 ko 110. Mun faɗi cewa allurar keken gida tana da gefe ɗaya shafaffe a gindinta, ta yawancin kekunan masana'anta kuwa zagayayyiya ce, kuma ba a musanya su. Sannan muka ce: idan ka yi duk wannan bai daina ba, mai yiwuwa taimin ne ya goce, wato ƙugiyar da ke kama zare ba ta isowa daidai lokacin da allura ta fara tasowa. Wannan kada ka kwance, ka kai wa mai gyara, ko mu ko wani. Kawu ne ya ce a sa "ko wani". Na so in cire, ya hana.

Tsarin aikinmu ya zama haka. In zaɓi tambaya ɗaya daga littafin, in kunna rikoda a waya, Kawu ya yi bayani hannunsa na kan keken. Da dare in mayar da shi rubutu, da safe in karanta masa. Nan ake yin ta. Wata rana na rubuta, "A riƙa sa wa keke mai a kai a kai." Ya ce, "Wane mai? A ina? Ɗigo nawa? Wannan maganar ko wanda bai taɓa ganin keke ba zai iya faɗinta." Ya sa na rubuta cewa man keken ɗinki kaɗai ake sawa, fari siriri, ɗigo ɗaya a kowace mahaɗar ƙarfe, bayan an share burbushin zare da ƙaramin buroshi. Man girki yana daskarewa ya zama danƙo ya riƙe ƙarafa, man mota kuma ya yi kauri. Ya ɗauko wani keke da aka yi wa haka muka ɗauki hotonsa, baƙin danƙon na nan a fili. Wannan hoton ba shi da kyau ko kaɗan, amma ba wani shafi a duniya da ke da shi sai namu.

Abin da ya rage na ɓangaren injin bai kai yadda ake kururuta shi ba. Kowace tambaya da fejinta. Take ya ɗauki kalmomin mai tambaya, ya kuma kasance gajere, don abin da ya haura harafi sittin ko kusa da haka yakan yanke a sakamakon bincike. Amsa ta zo a sakin layi na farko, bayani ya biyo baya, saboda mai karatun yana tsaye ne a kan keken da ya ƙi aiki. Fejin da ya ambaci allura ya yi mahaɗi zuwa fejin lambobin allura. Lambar waya da lokutan aiki su fito a kowane feji. Komai in duba shi a waya kafin in sake shi, tunda tun Afrilun 2015 Google yake fifita shafin da ke karantuwa a waya ga masu nema da waya, kuma masu nemanmu kusan duk da ita suke zuwa. Tsawon rubutu kuwa na daina ƙirgawa. Google ya ce ba shi da wani adadin kalmomi da ya fi so, ni ma na ga haka da idona: muna da feji mai sakin layi huɗu da ya fi wasu dogaye jawo kira.

Sai jira. Wata biyu shiru, wata uku shiru. Abin da ya riƙe ni shi ne na ji Google da kansa yana cewa irin wannan aiki yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa, kuma a Search Console ina ganin muna matsowa daga feji na biyar zuwa na uku, zuwa na biyu. A ƙarshen 2019 ne ma Google ya sanar da wani tsari mai suna BERT da ke taimaka masa fahimtar jimla dungurungum, har da ƙananan kalmomin da ke juya ma'ana. Ba zan ce shi ya ɗaga mu ba. Na dai lura iska ta fara kaɗawa ta inda muka riga muka fuskanta.

A wata na biyar wayar ta yi ƙara. Kawu ya sa ta a sifika don hannunsa da mai. Wani tela ne, ya ce, "Na karanta abin da kuka rubuta kan tsallake ɗinki. Na canza allura, na duba lamba, na yi duk abin da kuka ce, bai daina ba. Ina ganin taimin ɗin nan ne." Kawu ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon ranar mai keken hawa, sai dai wannan karon akwai murmushi a ciki. Ya ce, "To, wannan namu ne. Kawo shi." Na fita waje na tsaya a bayan gini na ɗan lokaci. Alhamdulillahi kawai nake iya faɗi.

Masu zuwa ta wannan hanya daban suke. Sun riga sun gwada mai sauƙin, sun san abin da ya rage aikin gwani ne, ba sa jayayya. Sun kuma yarda da Kawu tun kafin su gan shi, don ya ba su wani abu bai nemi komai ba. Na kuma cika bayananmu a Google Business Profile, wanda a lokacin ake kira Google My Business, don mu fito a taswira. A can abu uku Google ya ce yake dubawa: dacewa da abin da aka nema, kusanci da mai nema, da shahara. Kusanci ba ya hannunka. Sauran biyun kuwa rubutu na gaskiya da ra'ayin abokan ciniki na gaskiya ke gina su. An yi mini tayin sayen ra'ayoyi, na tuna shaiduna ɗari biyar na ce a kai kasuwa.

Na sake yin wani kuskuren, na masu jin sun iya. Na zauna na rubuta dogon tarihin keken ɗinki, da Elias Howe da ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka a 1846, da Isaac Singer da ya biyo baya a 1851. Fejin ya samu masu karatu fiye da kowanne. Na zo ina nuna wa Kawu jadawali yana hawa sama. Ya ce, "Madalla. Su nawa suka kira?" Ko ɗaya. 'Yan makaranta ne masu aikin gida, daga ko'ina a duniya. Ban goge fejin ba, ina sonsa, amma tun ranar na daina auna aikina da yawan masu leƙowa.

A hankali maƙwabtan sana'a suka fara tambaya wa ya yi wa Kawu wannan abu. Na yi wa wani kafinta, na yi wa mai gyaran famfo, na yi wa wata mai koyar da tuƙi. Sharaɗina ɗaya ne har gobe: sai na yini a wurin aikinka da littafina kafin in rubuta harafi. Wasu sukan ga kamar ɓata lokaci ne. Wani ya ce shi feji hamsin yake so, rubutu iri ɗaya, sunan gari kawai za a riƙa canzawa. Na ce masa wannan ma yana cikin jerin abin da Google ya kira maguɗi, kuma ko bai kira ba, mai karatu zai gane. Ya tafi wurin wani. Ban ji daɗin rasa kuɗin ba, a lokacin ina bukatarsu ƙwarai.

A Agustan 2022 Google ya fito da wani gyara da ya ce zai fifita rubutun da aka yi don mutane a kan wanda aka yi don injin, a Disambar shekarar kuma ya ƙara gogewa ta zahiri a cikin abubuwan da masu tantance masa ingancin sakamako ke dubawa, wato ko marubucin ya taɓa abin da hannunsa. Na karanta wa Kawu, ya ce, "Sai yanzu suka sani?" Amma kada a ɗauka yabon Google nake. Kamfani ne mai neman riba, talla yake sawa a sama da kowa, kuma yana canza doka ba tare da ya shawarci mai gyaran keke ba. Tun da ya fara sa taƙaitacciyar amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako a 2024, fejinmu masu amsa tambaya mai sauƙi sun rage samun masu dannawa, don mutum ya samu abin da yake so tun bai shigo ba. Abin ya dame ni, ba zan ɓoye ba. Guminmu ne ake taƙaitawa. Kiran masu gyara na gaske dai bai ragu sosai ba, tunda taƙaitawa ba ta saita taimin. Duk da haka na fara tara lambobin abokan ciniki da izininsu, don kada rayuwar Kawu ta rataya a ƙofa ɗaya da ba mu muke riƙe da makullinta ba.

Na gwada manhajojin rubutun ma. Na sa ɗaya ta rubuta mini feji kan keken da ba ya jan yadi, ta kawo shi sumul cikin daƙiƙa kaɗan. Na karanta wa Kawu ban faɗa masa daga ina ba. Ya ce, "Ba ƙarya a ciki. Amma mai wannan maganar bai taɓa riƙe sukudireba ba." Bai ji inda aka ce a fara duba ko an saukar da haƙoran jan yadi da gangan an manta ba, wanda shi ne abin da ya fi samu a kekunan da ake kawo masa, an dai jera shi a tsakiyar dalilai takwas kamar duk nauyinsu ɗaya. Ina amfani da su yanzu wajen mayar da muryar rikoda rubutu da tsara abin da na tattaro. Wane dalili ne zai zo farko, wannan daga bakin mai sana'a nake ɗaukarsa.

Idon Kawu ya fara rauni, yaransa biyu ke yin yawancin aikin hannu, shi yana zaune yana saurare. Littafin gefen waya muna kan na shida. Yanzu shi yake tuna mini. Mutum na fita zai ce, "Ɗan nan, ka rubuta wannan?" Makon jiya wata ta kawo keken da ke ƙara idan ana ɗinkin baya kaɗai, gaba kuwa lafiya lau. Na duba littattafan duka, ba mu taɓa samun irinsa ba. Na buɗe kwamfuta zan fara tsara take, Kawu ya ce, "Dakata tukuna, ba mu buɗe shi ba." Na rufe kwamfutar, na matso da fitila, na miƙa masa sukudireba.